Yadda ake bibiyar sauyin yawan 'ya'yan kifi a cikin ciyawar teku shekara bayan shekara

Na sha ganin masu fara wannan aiki suna shiga ruwa da zumuɗi, su ja taru a cikin ciyawar teku shekara biyu ko uku, sannan su zauna su rubuta cewa kifi ya ragu ko ya ƙaru. Yawancin irin waɗannan rahotanni ba sa tsayawa da ƙafafunsu idan aka bincika su da kyau, domin yawan 'ya'yan kifi yana hawa yana sauka daga shekara zuwa shekara ko da babu abin da ya taɓa muhallinsu. Tun a 1914 masanin kifi ɗan ƙasar Nowe, Johan Hjort, ya nuna cewa haihuwar shekara ɗaya tana iya ninka ta wata shekarar sau da yawa, kuma abin da ke haddasa hakan yana faruwa ne tun kifin yana ƙwai ko tsutsa, kafin ma ya iso gaɓa. Wanda yake son ya gane sauyi na gaskiya dole ne ya tsara aikin da zai daɗe fiye da wannan hawa da sauka, kuma ya yi shi ta hanya ɗaya tak daga shekarar farko har zuwa ranar da zai miƙa shi ga wani.

Ba zan tsaya bayanin mene ne ciyawar teku ba, sai dai in tunatar cewa tsiro ce mai saiwa da fure da iri, ba gansakuka ba ce, kuma tana fitowa ne a ruwa marar zurfi inda hasken rana yake kaiwa ƙasa. Ƙananan kifaye suna fakewa a cikinta daga manyan da ke cinye su, suna kuma samun ƙananan halittun da suke ci a jikin ganyenta. Wani nazari da Michelle Waycott da abokan aikinta suka wallafa a 2009 ya ƙiyasta cewa kashi 29 cikin ɗari na faɗin ciyawar da aka sani ya ɓace tun daga 1879, kuma daga 1980 ana rasa kimanin murabba'in kilomita 110 a kowace shekara. Wannan shi ne dalilin da ya sa aikin ya cancanci wahalar da ke cikinsa.

Rubuta tambayarka kafin ka sayi komai

Mataki na farko ana yin sa ne a kan takarda. Ka rubuta a jimla ɗaya abin da kake son sani bayan shekara goma sha biyar, domin tambayar ita ce za ta zaɓa maka kayan aiki da wurare da lokaci. Wanda yake son sanin ko nau'o'in kifin ruwan ɗumi suna matsowa zuwa yankin da da can ya fi sanyi yana buƙatar gane kowane kifi da ya faɗo cikin taru har zuwa nau'insa, ko da guda ɗaya ne. Wanda kuma yake son sanin yawan 'ya'yan wani kifi guda da masunta suke nema, shi abin da ya dame shi shi ne ya kama makonnin da waɗannan 'ya'yan suke sauka cikin ciyawa. Tambayoyin biyu suna da kyau, amma tsari ɗaya ba ya amsa su daidai wa daida, kuma na ga ƙungiyoyi da suka yi ƙoƙarin haɗa tambayoyi biyar a aiki ɗaya suka tashi ba su amsa ko ɗaya ba.

A wannan mataki ne kuma za ka nemo tsofaffin bayanai, idan akwai. Joel Fodrie da Kenneth Heck da abokan aikinsu sun sake jan raga a filayen ciyawar arewacin Tekun Meksiko a 2006 da 2007, suka kwatanta abin da suka samu da binciken da aka yi a shekarun 1970. Sun tarar da kifaye irin su Lutjanus synagris waɗanda ba a gani ba ko kaɗan a binciken farko, kuma Lutjanus griseus da kifin aku mai suna Nicholsina usta sun ninka yawansu sau da yawa, abin da suka danganta da ɗumamar ruwa. Da babu wanda ya ajiye takardun shekarun 1970 da bayanin yadda aka yi aikin, da wannan kwatanci bai yiwu ba. Saboda haka ka bi ɗakunan karatu da rahotannin da ba a buga ba da kundin digirin ɗalibai, kuma idan ka samu tsohon bincike a yankinka, ka kwaikwayi hanyarsa ko da kana ganin akwai wadda ta fi ta.

Zaɓen tashoshi

Tasha ita ce wurin da za ka riƙa komawa kana jan taru. Ra'ayina shi ne tashoshi da yawa da ja ɗaya ko biyu a kowace sun fi tashoshi uku da ja goma a kowace, domin jan da aka yi a wuri ɗaya a rana ɗaya kusan labari ɗaya suke bayarwa, kuma lissafi ba zai ɗauke su a matsayin shaidu masu zaman kansu ba. Ka raba yankin gwargwadon abin da kifi yake ji a jikinsa, wato kusa da bakin kogi inda gishiri ya yi ƙasa, tsakiyar gaɓa, da kuma kusa da buɗaɗɗen teku, sannan ka warwatsa tashoshi a cikin kowane kashi. Ka saka wasu tashoshi a kan yashi tsirara kusa da ciyawar. Ba tare da su ba, ba za ka iya cewa ciyawar ce take tara kifin ba.

Akwai kuskuren da ke ɓata aiki a ɓoye, kuma masu kyakkyawar niyya ne suka fi yin sa. Bayan 'yan shekaru ciyawa takan mutu a wata tasha, sai ma'aikata su ga babu amfanin jan taru a kan laka, su matsa mita ɗari biyu zuwa inda ciyawa ta rage. Idan aka ci gaba da haka, lissafi zai nuna cewa yawan kifi a kowane ja bai canza ba, alhali filin da kifin yake rayuwa a ciki ya ragu da rabi. Tashar da ta rasa ciyawa ita ce mafi daraja a cikin dukan tashoshinka. A gaɓar yammacin Suwidin, inda aka rasa kimanin kashi 60 cikin ɗari na ciyawar Zostera marina tsakanin shekarun 1980 da 2000, Leif Pihl da abokan aikinsa sun kwatanta wuraren da ciyawa ta rage da waɗanda ta ɓace, suka samu cewa 'ya'yan kifin kod sun ragu da kashi 96 cikin ɗari a inda ta ɓace. Irin wannan sakamako ba ya zuwa sai ga wanda ya yarda ya ja taru a wurin da ya san ba zai samu komai ba. Ka ɗauki lambobin wurin da na'urar GPS, ka kuma ɗauki hoton alamun da ke kan tudu daga inda kake tsaye, domin turakun da ake kafawa a ruwa ba sa daɗewa.

Taru, da abin da ya sa ba a taɓa shi

A nan zan daɗe, domin a nan ne ni kaina na yi asarar da har yau nake jin zafinta. A ruwan da bai wuce ƙirji ba, ni taru nake zaɓa, wato doguwar ragar da mutum biyu suke ja da ƙafa, mai dalma a bakin ƙasa da robobi masu iyo a bakin sama da aljihu a tsakiya. Ya fi arha, ba ya buƙatar inji, kuma ana iya gyara shi da allura da zare a bakin ruwa. A inda ruwa ya fi haka zurfi ana amfani da ƙaramar ragar da jirgi yake ja a baya, amma ita tana kawo kuɗin mai da gyaran inji, kuma saurin jirgin ya zama wani abu da dole a tsare shi daidai kowace shekara. Akwai kuma tarkon da ake jefawa, mai faɗin murabba'in mita ɗaya, wanda ya fi kama ƙananan kifayen da ke lafewa a gindin ciyawa, sai dai filin da yake rufewa kaɗan ne. Kowanne daga cikinsu yana da kifin da yake kamawa da wanda yake bari. Babu ragar da ke faɗa maka ainihin yawan kifin da ke cikin ruwa. Abin da take ba ka shi ne wani kaso na wannan yawan, kuma dukan aikin ya dogara ne a kan kason ya zama ɗaya a bana da baɗi da shekara ashirin masu zuwa.

Na taɓa karɓar aikin wata ƙungiya da ta yi shekaru tana bibiyar wasu tashoshi, aka ba ni bayanan in fitar da rahoto. Da na zana jadawalin, sai na ga daga wata shekara a tsakiyar jerin, ƙananan kifaye sun yi tsalle sama, suka kuma zauna a can. Na yi murna, na shafe makonni ina neman dalili a zafin ruwa da ruwan sama da tsayin ciyawa, har na fara rubuta bayanin da nake ganin ya dace. Wata rana muna wanke kaya sai na ga wani tsohon taru a naɗe a cikin buhu a bayan ɗakin ajiya. Na warware shi na shimfiɗa kusa da wanda muke amfani da shi, na sa yatsa a idon kowanne. Ƙaramin yatsana ya shiga idon tsohon har gaɓar farko, amma bai shiga na sabon ba. Tsohon ya yage ne a kan dutse a waccan shekarar, aka sayo wanda aka samu, kuma babu wanda ya rubuta ko layi ɗaya a kai. Tsallen da na gani na ragar ne, kifin yana nan yadda yake. Dole muka raba jerin gida biyu, kuma kowane rabi ya yi gajarta da zai ce wani abu mai ƙarfi.

Daga wannan ne na ɗauki dokokin da nake bi. Ranar da za ka sayi taru, ka sayi biyu ko uku iri ɗaya daga ɗinki ɗaya, ka ajiye sauran a inuwa inda ɓera da rana ba za su kai gare su ba. Kuɗin zai yi maka nauyi a shekarar farko, amma ya fi sauƙi a kan neman irinsa bayan shekara takwas lokacin da masaƙar ta daina yin sa. Ka auna komai ka rubuta: tsawon tarun, zurfinsa, girman ido a fukafukai da a aljihu, kaurin zare da launinsa, ko mai ƙulli ne ko marar ƙulli, nauyin dalma da tazarar da ke tsakaninsu. Girman ido ka bayyana yadda ka auna shi, ko daga ƙulli zuwa ƙulli ko kuwa a miƙe, domin awon a miƙe yana ninka ɗayan sau biyu, kuma wannan ruɗani kaɗai ya isa ya sa wanda zai gaje ka ya sayo ragar da ba ita ba. Ka yanki ɗan ƙyalle daga ragar ka manna a cikin littafin aikin. A farkon kowace kakar aiki ka sake auna tarun a jiƙe, saboda raga tana miƙewa kuma dalma tana zubewa ba tare da an lura ba.

Idan canji ya zama dole, kada ka ajiye tsohon kafin ka gwada su tare. Ka ja tsoho da sabo a gefen juna, a tasha ɗaya, a sa'a ɗaya, kana sauya wanda ke dama da wanda ke hagu da wanda ake fara ja, kuma ka maimaita hakan sau da yawa a cikin ciyawa mai kauri da mai sirara da kan yashi. Ni ba na gamsuwa da ƙasa da ja talatin na kowanne. Kada ka fitar da lamba ɗaya ta gyara ga dukan kifaye, domin bambancin ragogi biyu ya fi fitowa a ƙananan kifaye da sirara, yana kuma raguwa yayin da kifin yake girma. Ka fitar da lambar gyara ga kowane nau'i mai yawa, kuma a cikin nau'in ga kowane rukunin tsawo.

Mutane ma ɓangare ne na kayan aiki. Dogon mutum mai sauri da gajere mai nawa ba sa jan taru iri ɗaya, kuma wanda bai iya riƙe sandar gefe tana gogar ƙasa ba zai riƙa ɗaga bakin dalma, kifi ya zurare ta ƙasa. A cikin doguwar ciyawa bakin ƙasa yakan naɗe ya hau kan ganye, shi ya sa sauri yake rage kamu maimakon ya ƙara shi. Ka ɗaura igiya mai tsayayyen tsawo tsakanin masu ja biyu domin faɗin bakin tarun ya zama ɗaya, ka auna nisan ja da igiya mai alama, ka kuma rubuta mintunan da aka ɗauka. Sabon ma'aikaci ya yi kaka guda cur yana ja tare da tsoho kafin a bar masa. Misalin da nake ba kowa shi ne binciken tashar Flødevigen a gaɓar Skagerrak ta Nowe, wanda Alf Dannevig ya fara a 1919. Ana komawa tashoshi ɗaya da taru mai ƙira ɗaya a watannin Satumba da Oktoba na kowace shekara, in ban da shekarun yaƙin duniya na biyu, kuma wannan naci a kan hanya ɗaya ne ya sa masana suke iya karanta tarihin 'ya'yan kod na fiye da shekara ɗari a cikinsa.

Lokacin shiga ruwa

Ranar kalanda ba ta isa ba. Kifi yana bin cikar teku da janyewarta, yana bin wata, yana bin hasken rana. Tashar da aka ja lokacin da ruwa ya janye, kifi ya taru a ɗan abin da ya rage, za ta ba da kamu daban da wadda aka ja ruwa na cike. Ka zaɓi yanayi ɗaya, misali sa'o'i biyu kafin ruwa ya kai ƙarshen janyewa zuwa sa'o'i biyu bayan haka, da rana, a makon da bambancin cika da janyewa ya yi ƙasa, kuma ka tsaya a kansa. Jan dare yana kawo nau'o'in da ba a gani da rana, amma idan ba za ka iya yin sa kowace shekara ba, kada ka gauraya shi da na rana.

A shekara biyu na farko ina ba da shawarar a fita kowane wata, ko da kuɗi ba za su bari a ci gaba da haka ba. Da haka ne za ka ga watan da kowane nau'i yake sauka cikin ciyawa da watan da yake barinta. Bayan nan kana iya taƙaita aikin zuwa kakar da ta fi muhimmanci, amma ka bar aƙalla fita uku a cikinta. Dalili shi ne ɗumamar ruwa tana iya sa kifi ya iso da wuri, kuma wanda yake fita rana ɗaya a shekara zai ɗauka kifin ya ragu alhali ya zo ya wuce ne kafin a iso.

Abin da ake yi da kamu

Da zarar an fito da aljihun tarun, a juye shi cikin babban baho mai ruwan wurin, a sa shi a inuwa, a saka ƙaramin injin iska mai batir. A fara da kifaye masu saurin mutuwa, irin masu sheƙin azurfa da ke yawo a garke. A tsefe ganyen da ya shigo da hannu a hankali, domin kifin bututu da dokin teku da ƙananan masu lafewa suna maƙalewa a ciki, kuma sababbin ma'aikata sukan zubar da su tare da shara. A ƙirga kowane kifi. A auna tsawon guda talatin na kowane nau'i, waɗanda aka ɗebo da ƙaramar koma ba tare da zaɓe ba, domin hannu yana kai wa ga manya da kansa. A tsayar da awo ɗaya, ko zuwa ƙarshen wutsiya ko zuwa gindinta, a rubuta shi a saman kowace takarda.

Gane nau'in 'ya'yan kifi yana da wuya fiye da na manya, saboda launi da siffa suna canzawa yayin girma. Wanda ba ka gane ba kada ka yi masa cinta. Ka ɗauki hotonsa a kan allon awo da fukafukansa a buɗe, ka ajiye ɗaya ko biyu a cikin giyar gwaji mai ƙarfin kashi 95, da lakabin fensir a cikin kwalbar. Ni na fi son wannan a kan fomalin, wani sinadarin da ake adana halittu a cikinsa, domin fomalin yana lalata ƙwayoyin gado, kuma idan ba a daidaita tsaminsa ba yana cinye dutsen kunnen kifi. Wannan ɗan dutse yana da zobba da ke ƙaruwa kowace rana, kamar yadda Giorgio Pannella ya nuna a 1971, kuma da shi ake sanin ranar ƙyanƙyashewa da saurin girma. Duk wannan yana buƙatar izinin hukumar da ke kula da kamun kifi a ƙasar da ake aikin, kuma a nemi izinin da wuri.

Jan da bai kama komai ba a rubuta shi sifili. Gurbin da aka bari babu rubutu, bayan shekara goma babu wanda zai san ko ba a samu kifi ba ne ko kuwa ba a je ba.

Auna ciyawar da ruwan

Ruwa ba ya tsami banza, kuma ranar da kifi ya canza za a tambaye ka dalili. A kowace tasha ka auna zafin ruwa da gishiri da iskar da ke narke a ciki da zurfi, da kuma haske ta hanyar faifan Secchi, wato faifan da ake saukewa cikin ruwa har ya ɓace wa ido. Ƙananan na'urorin da ake ɗaurewa a ƙarƙashin ruwa suna rubuta zafi kowace sa'a sun yi arha yanzu, kuma sun fi ma'aunin da ake tsomawa sau ɗaya amfani nesa ba kusa ba, saboda 'yan kwanaki na tsananin zafi ne suke kashe ciyawa, kamar yadda ya faru da Zostera marina a gaɓar Chesapeake ta Amurka a 2005 da 2010, da kuma ciyawar Shark Bay ta Ostireliya bayan zafin tekun da aka yi a ƙarshen 2010 zuwa farkon 2011. Game da ciyawar kanta, ba sai ka ƙirƙiro hanya ba. Shirin Seagrass-Watch da aka fara a jihar Queensland ta Ostireliya a 1998 yana amfani da firam mai faɗin santimita 50 a kowane gefe, ana ajiye shi kowace mita 5 a kan layi mai tsawon mita 50, ana ƙiyasta kason ƙasar da ciyawa ta rufe da nau'inta da tsayin ganye. Ka yi awon ciyawa a gefen hanyar ja, ba a kanta ba, don kada a tattake wurin kafin taru ya bi. Faɗin filin gaba ɗaya kuwa sai daga sama ake ganinsa, da jirgi marar matuƙi ko hoton tauraron ɗan Adam, sau ɗaya a shekara a lokacin da ciyawa ta fi cika.

Ajiya da lissafi

A shigar da bayanai cikin kwamfuta a makon da aka tattara su, mutum ɗaya ya shigar, wani ya duba da takardar asali a hannu. Kowane layi ya zama nau'i ɗaya a ja ɗaya. A ɗauki hoton takardun, a ajiye kwafi a wurare biyu daban, a kuma riƙe littafi guda da ake rubuta duk wani canji a cikinsa da kwanan wata, ko da sauya igiya ne. Sunayen kimiyya suna canzawa, don haka a ba kowane nau'i lambar da ba ta canzawa.

Wajen lissafi, a mayar da kamu zuwa yawan kifi a kowace murabba'in mita ɗari da taru ya share. Kada a dogara da matsakaici na yau da kullum, domin garke ɗaya da ya faɗo cikin taru yana iya rinjayar shekara guda; a yi amfani da logaritim ko tsarin lissafin da aka gina don ƙirge mai yawan sifili, a kuma saka tasha a cikinsa a matsayin abin da ake maimaitawa. A duba kowane nau'i shi kaɗai kafin a duba jimilla, saboda jimilla tana iya tsayawa cik alhali wani nau'i ya maye gurbin wani. A duba tsawo ma, domin raguwar girma takan riga raguwar yawa bayyana.

Kafin shekara goma ni ba na amfani da kalmar raguwa ko ƙaruwa a rahoto, sai dai in ce ga abin da aka samu bana, ga inda ya faɗa a cikin shekarun baya. A yi hattara kuma da dalilin da ya fi kusa da hannu. Bayan malalar mai daga rijiyar haƙar mai ta cikin teku ta Deepwater Horizon a Afrilun 2010, mutane da yawa sun zaci 'ya'yan kifin ciyawar arewacin Tekun Meksiko za su rushe, amma Fodrie da Heck, waɗanda suke da bayanan 2006 zuwa 2009, sun samu kamun 2010 ya fi na shekarun baya, kuma ɗaya daga cikin bayanan da suka kawo shi ne rufe wuraren kamun kifi da aka yi a wannan shekarar, wanda ya bar iyaye da yawa suka hayayyafa. Idan kuɗin aiki suka yanke a wata shekara, a rage yawan fita, a bar tashoshin yadda suke, a fita ko sau ɗaya ne a tsakiyar kaka da tarun nan dai da aka saba, sannan a rubuta a littafin canje-canje ranar da aka fita da dalilin da ya sa sauran fitar ba su yiwu ba.